WAKILAN WANDA YA FAƊI SU MA 'YAN JAM'IYYA NE

A ƙarshen watan Mayu na shekarar 2022 ne wakilai 1,805 na jam'iyyar APC suka hallara a birnin Katsina domin su fid da wanda zai tsaya wa jam'iyyar takarar kujerar Gwamna. An sami wannan adadi ne ta hanyar ɗauko mutum biyar-biyar daga mazaɓu 361 da ke cikin Jihar, watau ke nan Ƙaramar Hukumar Kusada, mai mazaɓu 10, ta aika da mutum 50. Da aka gama ƙidaya, sai Dokta Dikko Umar Raɗɗa ya tashi da ƙuri'a 506, Dokta Mustapha Muhammad Inuwa ya sami 442, Alhaji Abbas Umar Masanawa ya sami 436, sauran 'yan takara kuma suka raba abin da ya rage.

Duk wanda ya dubi wannan lissafi da idon basira zai ga cewa ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ƙuri'a 64 ce kacal, watau ba ta wuce yawan wakilan Kusada da ƙarin na mazaɓu uku daga Kankiya ba. Zai kuma ga cewa wanda ya ci bai sami ko kashi 30 cikin 100 na ƙuri'un ba, kusan mutum 1,300 suka koma garuruwansu ba tare da gwaninsu ya kai labari ba. Jaridu da gidajen rediyo sun bi sawun manyan da suka faɗi, suna ba da labarin wane ya taya murna, wane ya yi gum da bakinsa, wane kuma ya tattara nasa ya nasa ya fice. Amma da wuya a ji wanda ya bi sawun wakilan nan zuwa Mawashi ko Dudunni ko Kaikai ya ga yadda suka kwana, alhali kuwa a nan ne ake sanin ko jam'iyya ta fito daga taronta da ƙarfi, ko kuwa ta fito da miki.

Kafin a yi nisa, ya kamata a san ko wane ne wakili, wanda yanzu kowa ke kira daliget. Galibi ba wani attajiri ba ne, ba kuma mai babban muƙami ba ne. Manomi ne mai ɗan faɗa a ji a unguwarsu, ko ɗan tireda, ko tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, ko uwar mata wadda ke tara 'yan'uwanta mata ranar zaɓe. Shi ne ke buɗe ofishin jam'iyya na mazaɓa, shi ke shimfiɗa tabarma idan baƙi za su zo, shi ne kuma jama'a ke tsarewa da tambaya idan an yi alkawarin rijiya ba a haƙa ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙara wa irin wannan mutum daraja ba zato ba tsammani, domin sashe na 84 nata ya ce wakilan da aka zaɓa musamman saboda taron ne kaɗai za su jefa ƙuri'a. Majalisar Tarayya ta yi gyara domin a mai da manyan jam'iyya masu kujerar dindindin cikin masu zaɓe, amma Shugaba Muhammadu Buhari bai sa wa gyaran hannu ba har aka gama tarurrukan. Saboda haka a wannan shekara sanatoci da tsofaffin gwamnoni suka zama 'yan kallo, ƙuri'a kuwa tana hannun mutumin ƙauye.

To, amma fa sarautar ta mako ɗaya ce ko biyu. A cikin kwanakin nan 'yan takara na yin layi a ƙofar gidansa, ana aiko masa da mota, a sauke shi a masauki mai sanyi, a ciyar da shi abin da bai saba ci ba. Kowa ya san abin da ke biyo bayan wannan karramawa, ba sai an ɓoye ba: ana killace wakilai kada abokin hamayya ya gan su, wani lokaci a karɓe wayoyinsu, wani lokaci ma a sa su rantsuwa. Idan an shiga fili, sai a riƙa kiransu ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, wanda bai iya rubutu ba a haɗa shi da mai rubuta masa sunan gwaninsa, wanda ya iya kuma a nemi ya nuna abin da ya rubuta kafin ya jefa. Da sunan ƙuri'ar asiri ake shiga, amma kafin gari ya waye ejan-ejan na 'yan takara sun riga sun ƙirga wanda ya bi wane. A wurin da wakilai 50 ne kacal, kuma kowa ya san uwar kowa da ubansa, ba a bukatar boka kafin a gane inda mutum ya sa gaba.

Daga nan ne wahalar wakilin wanda ya faɗi take farawa, kuma wannan ba halin jam'iyya ɗaya ba ne, kowace ta taɓa mulki a ƙasar nan tana da nata kason. Ba a rubuta masa hukunci a takarda, ba a kuma kiransa gaban wani kwamiti ya kare kansa. Sai dai kawai ya ga an daina aiko masa da sanarwar taron mazaɓa. Idan an zo kafa kwamitin yaƙin neman zaɓe a tsallake sunansa. Idan damina ta kama aka kawo takin zamani mai rahusa, ya duba jerin sunaye daga sama har ƙasa bai ga nasa ba. Ɗansa da ke neman ɗan aikin wucin gadi a sakatariya a ce masa ya dawo gobe, goben da ba ta zuwa. In kuwa ya kuskura ya buɗe baki ya yi ƙorafi, to, kalmar nan tana nan a ajiye ana jiransa da ita, watau zagon ƙasa, a dakatar da shi, kana idan lokacin sabunta shugabannin mazaɓa ya yi a maye gurbinsa da wani. Laifinsa duka shi ne ya yi aikin da jam'iyya da kanta ta tura shi ya yi, ya zaɓi ɗaya daga cikin mutanen da ita jam'iyyar ta sayar wa takardar takara, ta tantance su, ta ce sun cancanta.

Abin da mutumin birni ba ya ganewa shi ne, a ƙauye siyasa ba ta tsaya a ofishin jam'iyya ba. Wanda aka ware ɗin nan da wanda ya ware shi masallaci ɗaya suke salla, kasuwa ɗaya suke ci, wataƙila ma akwai auratayya a tsakaninsu. Ɗan takarar da ya faɗi yana iya komawa Abuja ko Kaduna ya huta, ya kashe wayarsa har ƙura ta lafa. Wakilinsa ba shi da inda zai je, tilas kullum safiya ya fito ya haɗu da masu yi masa dariya a bakin tasha.

Manya kuwa da wuya su yi asara har ƙarshe, kuma tun da can haka abin yake. A watan Disamba na 1978, a babban taron jam'iyyar NPN da aka yi a Ikko, Alhaji Shehu Shagari ya yi takara da Alhaji Maitama Sule, da Malam Adamu Ciroma, da Dokta Olusola Saraki, da Mista Joseph Tarka, da Farfesa Iya Abubakar. Bayan zagayen farko sai waɗanda ke biye da shi suka janye masa, kuma da jam'iyyar ta kafa gwamnati a 1979 ba a bar su a rana ba. Ciroma da Iya Abubakar sun zama ministoci, Saraki ya zama jagoran masu rinjaye a Majalisar Dattawa, Maitama Sule kuma daga baya ya tafi Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin wakilin Nijeriya. Wannan dabara ce mai kyau, ta kuma taimaka wa NPN ta shiga zaɓe da kai ɗaya. A Katsina ma an ga irinta a 2022, yayin da Malam Faruk Lawal Joɓe, ɗaya daga cikin waɗanda suka nemi tikitin, ya zama abokin takarar wanda ya ci, daga baya kuma Mataimakin Gwamna. Babu mai hankalin da zai ƙi irin wannan sulhu. Aibinsa ɗaya, a sama yake tsayawa. Ana zama a falo a shirya da maigida, a ɗauki hoto ana musafaha, sa'an nan a ɗauka cewa yaransa da ke mazaɓu sun shiryu ke nan, alhali shugaban jam'iyya na mazaɓa da ya sha alwashin sai ya ga bayansu ba ya wurin zaman, ba kuma wanda ya aika masa cewa yaƙi ya ƙare.

Idan kuma maigidan bai shiryu ba, ya ce ya bar jam'iyyar, nan ma wakili ne ke tsaka mai wuya. Dokta Mustapha Inuwa ya bar APC ya koma PDP kafin zaɓen 2023, kuma wannan haƙƙinsa ne da tsarin mulki ya ba shi. Amma a duba halin mutumin da ya jefa masa ƙuri'a a watan Mayu. In ya bi shi, ya bar gidan da ya yi shekaru yana ginawa ya je ya zama baƙo a wani, inda zai tarar da masu wuri sun riga sun kama kujeru. In ya zauna, kullum ana yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Har ila yau akwai wani wulaƙancin da ba a cika magana a kansa ba, watau yadda ake miƙa wakilai daga hannu zuwa hannu kamar buhunan gero. A babban taron PDP na ranar 28 ga Mayu 2022 a Abuja, Gwamnan Sakkwato na lokacin, Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, ya hau mumbari ana dab da fara zaɓe ya ce ya janye, ya kuma nemi magoya bayansa su zaɓi Alhaji Atiku Abubakar. Atiku ya ci da ƙuri'a 371, Gwamna Nyesom Wike na Jihar Ribas ya sami 237. Abin da ya biyo baya sananne ne, Wike da wasu gwamnoni huɗu suka juya wa ɗan takarar jam'iyyarsu baya har ranar zaɓe.

Mutanen Kankiya da Kusada da Ingawa ba sa bukatar a kai su nesa kafin su ga illar taron fid da gwani da aka tashi ba a shirya ba, domin a kansu ta ƙare. A watan Janairu na 2011, jam'iyyar CPC ta Janar Buhari ta wayi gari da sakamakon fid da gwani iri biyu a Jihar Katsina, ɓangaren Sanata Yakubu Lado Ɗanmarke na cewa nasu ne sahihi, ɓangaren Alhaji Aminu Bello Masari na cewa nasu ne. Aka garzaya kotu, wannan ta ba wancan gaskiya, ta gaba ta rushe. A watan Afrilu Janar Buhari ya lashe Jihar da rinjaye mai yawa a zaɓen Shugaban Ƙasa, amma bayan kwana 10 kacal jam'iyyarsa ta kasa kawar da Gwamna Ibrahim Shehu Shema na PDP. Ba za a ce rikicin ne kaɗai ya jawo haka ba, gama gwamna mai ci ba kanwar lasa ba ne, amma babu mai musun cewa jam'iyyar da rabin 'ya'yanta ke fushi da ɗaya rabin ba ta iya tsare akwati yadda ya kamata. Sa'an nan a watan Disamba na wannan shekara Kotun Ƙoli ta ce tun farko kotuna ba su da hurumin shiga maganar, Hukumar Zaɓe kuma ta karɓe takardun shaidar cin zaɓe daga sanatoci biyu da 'yan Majalisar Wakilai takwas ta ba 'yan ɗaya ɓangaren. Kujerar mazaɓar tarayya ta Kankiya da Ingawa da Kusada na cikin waɗanda suka sauya hannu, ta koma wurin Alhaji Ahmed Babba Kaita, aka kuma ci gaba da kai da komo a kotuna shekara da shekaru. A Zamfara ma abin ya fi haka muni, domin a watan Mayu na 2019 Kotun Ƙoli ta soke dukkan kujerun da APC ta ci a Jihar, tun daga na Gwamna har ƙasa, saboda rigimar ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da na Sanata Kabiru Marafa ta hana a yi fid da gwani sahihi.

Ko a 2023 ma akwai abin lura. A zaɓen Shugaban Ƙasa na watan Fabrairu, Atiku ya sami ƙuri'a 489,045 a Jihar Katsina, Bola Tinubu na APC ya sami 482,283, watau jam'iyya mai mulki ta faɗi a jihar Shugaban Ƙasa mai ci da ratar da ba ta kai 7,000 ba. Bayan mako uku APC ta ci kujerar Gwamna da rata mai faɗi. Dalilan wannan wake da shinkafa suna da yawa, har da ƙarancin takardun kuɗi da tsadar rayuwa da rashin tsaro, amma rata ƙarama irin wannan tana tuna wa kowace jam'iyya cewa mutum ɗaya mai faɗa a ji a kowace rumfar zaɓe, idan ya naɗe hannu ya ƙi fita kiran jama'a, ya isa ya sauya lissafi. Wakilin da aka wulaƙanta ba sai ya yi wa kowa zagon ƙasa ba, zamansa a gida ma ya wadatar.

Akwai masu cewa daliget ba abin tausayi ba ne, tun da ya sayar da ƙuri'arsa ya karɓi kuɗinsa, ciniki ya ƙare. Lalle akwai ƙamshin gaskiya a nan. A 2022 jaridu sun cika da labarin kuɗin da aka raba, har da na wani ɗan takara a Kaduna da ya sha kaye ya aika a karɓo masa abin da ya bayar, kuma Sanata Shehu Sani, wanda ya shelanta cewa ba zai ba kowa ko kwabo ba, ya tashi da ƙuri'a biyu rak a neman tikitin Gwamna na PDP a can. Wannan abin kunya ne, ba kuma wanda zai wanke wakilai daga gare shi. Sai dai fa in cin kuɗi ne laifin, ai wakilan wanda ya ci ma ba da azumi suka shiga fili ba, me ya sa hukuncin ke faɗawa a kan ɓangare ɗaya? Bugu da ƙari, ita wannan wariya ita ce ke ƙara wa cinikin farashi. Mutumin da ya tabbata cewa idan gwaninsa ya faɗi zai yi shekara huɗu ba a ko gaishe shi, dole ya nemi abin da zai riƙe shi shekara huɗun nan tun a daren zaɓe, ko kuma ya bi wanda ya ga alamar gwamnati na so ko da ya san bai cancanta ba. Wasu kuma suna cewa wanda ya ci tilas ya fara da waɗanda suka sha wuya dominsa. Ba a hana shi ba, muƙaman siyasa nasa ne ya ba wanda ya amince da shi. Amma kujerar mutum a jam'iyyarsa da rabonsa na kayan gwamnati ba ganimar yaƙi ba ne.

A ƙasar Amurka, inda Nijeriya ta kwaikwayo tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979, an daɗe ana wannan muhawara. A babban taron jam'iyyar Rifablikan na 2012, an sauke wani kaso na wakilan Ron Paul daga jihar Maine aka maye gurbinsu da wasu, suka fice daga zauren cikin fushi a gaban idon duniya. Jam'iyyar Dimokurat kuwa a 2016, da ta ga yawan mutanen da ke bayan Sanata Bernie Sanders, sai ta ba shi damar naɗa mutum 5 daga cikin 15 na kwamitin rubuta manufofin jam'iyya, ko da yake Hillary Clinton ce ke kan gaba. Wannan bai kashe wutar duka ba, amma ya nuna cewa ana iya rubuta rabon wanda ya faɗi a ƙa'ida tun kafin a san wanda zai faɗi.

Abin da ya kamata jam'iyyun ƙasar nan su yi ke nan, kuma ba ya bukatar gyaran tsarin mulki. Kowace jam'iyya tana iya sa wa a ƙa'idojinta cewa duk ɗan takarar da ya sami wani kaso na ƙuri'u, mutanensa za su sami gurbi daidai gwargwado a kwamitocin yaƙin neman zaɓe, tun daga jiha har mazaɓa, kuma ba za a dakatar da wani ba a cikin watannin da suka biyo bayan taro sai da tuhuma a rubuce da damar kare kai. Kwamitin sulhu ya daina tsayawa a gidajen manya a Katsina, ya sauka Kusada ya zauna da mutum 50 ɗin nan gaba ɗaya, shugabannin mazaɓu 10 suna zaune suna ji. Jami'an Hukumar Zaɓe da doka ta ce su sa ido a irin waɗannan tarurruka su kuma rubuta a rahotonsu ko an kiyaye asirin ƙuri'a ko ba a kiyaye ba. Kada kuma a ɗauka cewa barin zaɓen wakilai a koma 'yar tinƙe ko maslaha zai kashe maganar. A maslaha manya ne ke shiryawa a ɗaki, na ƙasa su ji a rediyo. A layin ƙato bayan ƙato kuwa, maimakon mutum 50, dubbai ne za su tsaya a fili da rana tsaka a bayan hoton wanda zai faɗi, kowa yana ganinsu.

Akwai kuma wani kaso na wannan al'amari da ba ya hannun 'yan siyasa ko kaɗan. Jerin sunayen masu karɓar taki, da na tallafin manoma, da na ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, duk ta teburin ma'aikacin gwamnati suke bi, a sashen aikin gona ko na mulki na ƙaramar hukuma. Da kuɗin jama'a aka sayi takin, har da harajin wanda ya zaɓi Inuwa da wanda ya zaɓi Masanawa da wanda ma bai taɓa yankar katin jam'iyya ba. Idan shugaban jam'iyya na mazaɓa ya kawo takarda ya ce a cire wane da wane, ƙa'idar aiki ta ba ma'aikaci damar ya nemi a ba shi umurnin a rubuce, da dalili, da sa hannu, kuma kaɗan ne daga cikin masu kawo irin wannan takarda za su yarda su sa hannu a kanta.